Sikelin da Ke Raba Gardamar Masunta

A ranar 2 ga Yulin 2009, wani mai fatsa ɗan ƙasar Japan, Manabu Kurita, ya kamo kifin da ake kira bas a tafkin Biwa, aka ɗora shi a sikeli ya nuna kilo 10.12. Tun 1932 kambun duniya na wannan jinsin kifi yana hannun George Perry, wani manomi a jihar Jojiya ta Amurka, wanda aka auna nasa a gidan waya na garin Helena ya kai laba 22 da oza 4, wato wajen kilo 10.09. Kifin Kurita ya fi nauyi, amma IGFA, ƙungiyar da ke adana tarihin manyan kamun fatsa tun 1939, ta yanke cewa sun yi kunnen doki. A ƙa'idarta, idan kifi bai kai laba 25 ba, dole sabon kamu ya zarce tsohon da oza 2, kimanin giram 57, kafin a ce ya ture shi. Ratar da ke tsakaninsu kuwa ba ta cika oza guda ba.

Hikimar wannan ƙa'ida ita ce, babu sikelin da ba ya kuskure. Abin da ake nema shi ne wanda aka san iyakar kuskurensa. Wannan batu bai tsaya ga masu fatsar nishaɗi na Turai da Amurka ba. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, allurar sikeli ce ke tantance wanda zai tafi da kyauta bayan dubban masunta sun fito daga kogin Matan Fada da homa da gora. Mai kiwon tarwaɗa ma da kilo yake sayar wa dillali, kuma rabin kilo a kowane awo, idan ya taru, shi ne ribar wata huɗu ko biyar na ciyarwa.

Sikelin da masunci zai tarar a kasuwa iri uku ne. Na farko shi ne mai sifirin, wanda ake rataya kifi a ƙugiyarsa. Aikinsa ya dogara ne ga dokar da masanin Ingila Robert Hooke ya bayyana a ƙarni na 17, cewa sifirin yana miƙewa daidai gwargwadon nauyin da ke jansa. Ba ya buƙatar batir, yana da araha, yana jure wahala. Sai dai dokar tana da iyaka: ranar da aka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, sifirin ba ya komawa yadda yake, daga nan sai ya riƙa ƙara wa kowane kifi nauyin da ba nasa ba. Tsatsa kuma, wadda ba ta rabuwa da kayan bakin ruwa, takan sa allurar ta cije.

Na biyu shi ne na lantarki mai nuna lamba. A cikinsa akwai ɗan guntun ƙarfe da ke lanƙwasa kaɗan idan nauyi ya hau, da wasu siraran wayoyi manne a jikinsa waɗanda ke mayar da lanƙwasar zuwa lamba. Yana iya bambance giram 10 ko 20, yana cire nauyin buhu ko kwando da danna maɓalli ɗaya, wasu ma sukan riƙe lambar ko da kifi yana fizge-fizge. Rauninsa ruwa da batir. Wanda aka rubuta wa IP67 an gina shi ne ya jure nutsewa a zurfin mita ɗaya na tsawon minti 30. Wanda babu irin wannan alama a jikinsa, raɓa ma tana iya rikita shi. Haɗarinsa babba shi ne kwarjinin lamba: mutum ya ga 12.46 sai ya miƙa wuya, alhali yawan lambobi ba shaidar daidaito ba ne.

Na uku shi ne ma'aunin gargajiya mai faranti biyu ko mai sanda, wanda ke gwada kifi da duwatsun awo. Yana da nauyin ɗauka, shi ya sa ba a cika zuwa da shi bakin ruwa ba, amma yana da wani fifiko da sauran ba su da shi. Mai sifirin da na lantarki ƙarfin jan ƙasa suke aunawa, wannan ƙarfi kuwa yana bambanta da kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari tsakanin layin da ya raba duniya biyu da ƙuryoyinta. Saboda haka sikelin da aka saita a wata ƙasa mai nisa yana bukatar a sake gwada shi a inda zai yi aiki. Mai faranti biyu, ko ina aka kai shi, hukuncinsa ɗaya ne.

Kafin a tambayi kuɗi, lambobi biyu ake dubawa a jikin sikeli: iyakar abin da yake ɗauka, da tazarar da ke tsakanin zanukansa. Giwan ruwan da ya ci gasar Argungu a 2020 ya kai kilo 78, wanda IGFA ta rubuta daga tafkin Nasser na Masar a shekarar 2000 kuwa kilo 104.32 ne. Sikelin kilo 50 ba shi da aiki a nan. Haka kuma sikelin kilo 200 da ke tsallake rabin kilo daga zane zuwa zane ba zai raba gardama a kan karfasa ba. Mai hankali yakan zaɓi wanda kifinsa na yau da kullum zai faɗo a tsakiyar ƙarfinsa, idan kuma kamunsa ya haɗa manya da ƙanana, ya ajiye biyu. IGFA ba ta yarda da kintace tsakanin zane biyu ba. Idan allura ta tsaya a tsakani, na ƙasa ake ɗauka.

Gwaji ba ya bukatar ɗakin bincike. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, sai ɗan abin da ba a rasa ba. A rataya jarka babu komai a mayar da sikeli sifili, sannan a zuba lita 5 da aka auna da kyau, a duba, a ƙara zuwa 10, a ƙara zuwa 20. Sikeli yana iya faɗin gaskiya a ƙaramin nauyi ya karkace a babba, don haka awo ɗaya bai isa ba. A sauke a sake ratayawa sau uku. Wanda ya ba da amsa uku mabambanta, a bar wa mai shi kayansa. IGFA tana bukatar a ce an tantance sikeli cikin wata 12 kafin a karɓi awonsa. A Najeriya, Sashen Awo da Ma'auni na Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya ne doka ta ɗora wa tantance sikelin kasuwanci.

Yadda ake awon ma yana da nasa ladabi. Ba a awo cikin kwale-kwale, domin kowace igiyar ruwa tana taɓa allura. IGFA ba ta karɓar awon da aka yi a kan ruwa. A rataya sikeli a reshe ko sanda mai ƙafa uku, kada a riƙe shi a hannu mai rawa. A cire nauyin buhu bayan an jiƙa shi, ba yana busasshe ba. A kuma gaggauta, don kifi yana rage nauyi idan ya daɗe a rana.

Akwai abin da ya fi ƙarfin kowane sikeli. A watan Satumban 2022, a wata gasa a tafkin Erie, ta ɓangaren jihar Ohio ta Amurka, an farke cikin kifayen wasu mutum biyu da ke gab da lashe kyauta aka tarar da dunƙulen darma. Kotu ta ɗaure su kwana 10, aka ƙwace jirginsu. Sikelin bai yi ƙarya ba, abin da aka ɗora masa ya faɗa. Wanda ya gano su alƙalin gasar ne, da ya ga nauyin bai dace da girman kifin ba.

Don haka sayen sikeli mai kyau rabin aiki ne. Abin da ya rage yana wuyan Sarkin Ruwa da ƙungiyoyin masunta da na dillalai: a ajiye tantattun duwatsun awo a kowace mashigar kifi, a gwada sikeli da su a gaban mai saye da mai sayarwa kafin a ɗora kifin farko. Musulmi ya san gargaɗin Suratul Muɗaffifin a kan tauye awo, kuma wanda ya bar sikelinsa ya karkace yana sane, ko ta wane gefe ya karkata, haƙƙin wani ne ke tafiya.