Wankan Kare: Ba Kowane Sabulu Ne Ya Dace Da Fatarsa Ba

A unguwannin da ke arewa da Kogin Kaduna, kamar su Malali, Unguwar Rimi, Unguwar Dosa da Kawo, gidajen da ke ajiye kare domin gadi suna da yawa, musamman gidajen ma'aikata waɗanda ke wuni a ofis su bar gida ba namiji. Wasu karnukan na gida ne, irin waɗanda mafarauta suka saba da su. Wasu kuwa 'yan ƙasashen waje ne, kamar Alsatian na Jamus da Boerboel na Afirka ta Kudu, waɗanda ake saye da kuɗi masu yawa. Malaman Malikiyya sun halatta riƙon kare domin farauta da kiwo da tsaron gona, da yawansu kuma sun haɗa da gadin gida. Wanda ya riƙe dabba kuwa, haƙƙin cinta da lafiyarta yana wuyansa.

To, abin da aka fi yin sakaci da shi cikin wannan haƙƙi shi ne wanka. Galibi maigadi ko yaron gida ake bar wa aikin, shi kuwa abin da ya tarar a makewayi da shi zai yi: garin Omo, ko sabulun wanki mai soda, wani lokaci ma a tsiyaya Izal ko Dettol cikin bokiti wai don a kashe wari.

Dalilin da ya sa wannan ke cutarwa yana cikin halittar fatar kanta. Duk da gashin da ya rufe ta, fatar kare ta fi ta mutum rauni. Ɓawonta na sama bai wuce hawa 3 zuwa 5 na ƙwayoyin halitta ba, alhali na mutum yakan kai 10 zuwa 15. Haka kuma a ma'aunin tsami da masana kimiyya ke kira pH, fatar mutum tana wajen 5.5, watau tana da ɗan tsami, ta kare kuwa ta fi kusa da 7. Saboda haka sabulun da aka haɗa don mutum ma bai yi daidai da kare ba, balle wanda aka yi don ya cire maiƙo daga tufafi. Irin wannan sabulu yakan kwashe man da fata ke fitarwa don kare kanta, sai ta bushe ta dinga ƙaiƙayi. Kare ya yi ta susa har ya ji wa kansa ciwo, ƙwayoyin cuta su sami hanya, wari ya ƙaru. Maigida kuwa da ya ji warin sai ya ce a ƙara wanka, a ƙara Izal, alhali wankan ne ya jawo shi. A lokacin hunturu, sa'ad da fatar mutane ma ke tsagewa a Kaduna, abin ya fi muni.

Izal da Dettol kuwa magungunan kashe ƙwayoyin cuta ne masu sinadarin dangin fenol. Suna iya ƙona fata idan ba a surka su sosai ba, ga shi kare ba ya rabuwa da lasar jikinsa, saboda haka abin da aka shafa masa a baya yakan ƙare a cikinsa. Kyanwa ta fi kare shiga haɗari da su.

Mafi hatsari duka shi ne abin da ake yi da sunan maganin kaska da ƙazuwa. Da zarar damina ta sauka, daga wajen watan Mayu, kaska kan addabi karnuka, tana kuma ɗauke da cututtukan da ke lalata jini. Nan ne ake jin shawarwari iri iri: a shafa baƙin mai na mota, a zuba kananzir, ko a sayo maganin wankan shanu a kasuwa a dama da ka. Baƙin mai ba ya warkar da ƙazuwa, guba kawai yake ƙara wa dabbar. Shekarun baya har da Gamalin 20 ake yi, wanda sinadarinsa, lindan, ya shiga jerin abubuwan da Yarjejeniyar Stockholm ta hana a 2009. Maganin amitraz yana aiki ƙwarai a kan kaska da ƙazuwa, amma ma'auninsa na likita ne. Idan ya yi yawa kare kan yi laushi ya kasa tsayuwa, ba a kuma sa wa ƙaramin kwikwiyo. Ya kamata a tuna cewa yaron da ke damawa da hannu, da yaran da ke wasa a tsakar gidan da aka zubar da ruwan, su ma suna shan rabonsu. Wani nau'in ƙazuwar kare ma yana kama mutum.

Zaɓen sabulun da ya dace ba shi da wuya. Abu na farko, a nemi shamfu, watau sabulun ruwa, wanda aka rubuta a jikinsa cewa na karnuka ne, mai lambar rajistar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. A guji mai ƙamshi da yawa, domin turaren don hancin maigida aka sa shi, kare kuwa damunsa yake yi. Ga karen da fatarsa ke bushewa, akwai masu haɗin garin ot, wani hatsi na ƙasashen sanyi, waɗanda ke rage ƙaiƙayi. Masu magani a ciki, kamar kuloheksidin, sai likita ya ce. Wanda ke da kyanwa a gida ya lura da masu sinadarin fametirin, gama yana kashe kyanwa. In an rasa duka, sabulun ruwa na jarirai marar turare zai wadatar sau ɗaya ko biyu kafin a samo na ainihi.

Lafiyayyen kare ba ya bukatar wanka kullum. Sau ɗaya a wata ya ishe shi, sai dai in ya yi birgima cikin ƙazanta. A taje gashin tukuna, a jiƙa shi da ruwa mai ɗumi kaɗan, a kiyaye ido da cikin kunne. Shamfu mai magani akan bar shi kamar minti 10 kafin a wanke. Ɗauraya ita ce muhimmiya, domin kumfar da ta saura a hammata da ƙarƙashin wuya ita ke haddasa susa. Da hunturu a yi wankan da hantsi, a goge shi da tsumma ya bushe kafin iska ta taso.

Karen da gashinsa ke zubewa, ko fatarsa ta yi kirci, ko dasashinsa ya yi fari, sabulu ba zai yi masa komai ba, sai a kai shi asibitin dabbobi. Akwai na gwamnatin jiha da na masu zaman kansu a cikin gari, ga kuma Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya idan abin ya gagara. Idan bayan wanka aka ga yawu na dalala, ko karkarwa, ko amai, a wanke shi da ruwa mai yawa nan take, a tafi da shi tare da kwalbar abin da aka sa masa. A wannan zuwa kuma sai a tambayi allurar rigakafin haukan kare, wadda Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, take haɗawa.