Mai bandar tarwada, duba abin da kake zuba kifinka a ciki



Karon farko da na kai bandar tarwada wani kanti a Kaduna, ƙulli 40 na kai. Bayan kwana tara mai kantin ya kira ni in zo in kwashe kayana, fiye da rabi sun yi fumfuna. Kifin lafiyarsa ƙalau ya fito daga wuta. Ni ne na cuci kaina, na liƙe shi a leda da sauran ɗumi a jikinsa saboda ina sauri.

Kifi mai ɗumi yana fitar da tururi. Idan ka rufe bakin leda, tururin nan ba shi da hanyar fita, sai ya koma gumi a jikin ledar, fumfuna kuma abin da take nema ke nan. Don haka ka bar kifi ya huce sarai a kan raga, inda ƙuda ba zai kai gare shi ba. Wanda zai daɗe a kanti kuma sai ya bushe sosai, ruwan jikinsa ya sauka ƙasa da kashi 15 cikin 100. Babu ledar da za ta gyara kifin da bai bushe ba.

Yanzu jakar takarda mai ruwan ƙasa nake amfani da ita, mai faɗin gindi da take tsayuwa da kanta, da 'yar taga a gaba. Tagar nan ita ce ke ciniki, domin ba mai sayen kifin da bai gani ba. Amma kar in yaudare ku: takarda zalla ba ta riƙe banda. Man kifi zai ɓata ta, da damina kuma tana shan laima. Dole a samu siririn shafi na leda daga ciki. Abin da za mu iya shi ne rage ledar, maimakon ninki biyu ko uku da wasu ke yi, wanda ƙarshensa cikin kwata ne. Tsohuwar jarida da buhun siminti kuwa, don Allah a bar su, ba na abinci ba ne. Farin mazubin kumfa na takeaway ma kar ka saba da shi, jihar Legas ta haramta shi tun Janairun 2024.

Sai kwalin kai kaya. Ina yanka gabansa a karkace tun daga gida, in jera jakunkuna goma sha biyu a tsaye. Yaron kanti ya cire murfi kawai ya ɗora a kanta, kifi ba ya karyewa, sunana yana fuskantar mai saye. Idan kaya sun ƙare na karɓi kwalina na sake cikawa.

A jikin jakar ka sa sunan kaya, nauyi, adireshinka, ranar da aka yi da ranar da zai daina aiki. Manyan kantuna za su tambaye ka lambar NAFDAC, ka fara neman ta da wuri. Kuma ka fi yawaita ƙullin giram 250, ya fi saurin fita a kan na rabin kilo.

Kafin ka buga jaka dubu, sayi ashirin ka cika, ka ajiye biyar a ɗakinka na tsawon wata guda, kana buɗe ɗaya duk sati kana shinshinawa.