Ko Ka Sani? Akwai Gilashin da Ƙashi ke Girma a Kansa

Ko ka san akwai wani gilashi da likitoci ke sakawa a cikin ƙashin da ya lalace, jiki ya karɓe shi, har sabon ƙashi ya tsiro a kansa?

Karaya takan haɗe da kanta idan an daidaita ƙashin an ɗaure shi, kuma kowane mai ɗori ya san haka. Matsalar ita ce idan wani yanki na ƙashin ya tafi gaba ɗaya, sanadiyyar harsashi ko hatsarin mota ko ciwon daji. Giɓin yakan fi ƙarfin jiki. A nan likitoci kan yanko ɗan ƙashi daga ƙugun majinyacin su cike wurin, wato mutum ya tashi da rauni biyu maimakon ɗaya.

A shekarar 1967, wani masanin gilashi da tangaram a Jami'ar Filorida ta Amurka, Larry Hench, ya zauna kusa da wani kanar na soja a cikin motar bas. Kanar ɗin ya dawo daga yaƙin Biyetnam, inda ya ga samari da yawa sun rasa ƙafafu da hannuwa, domin jiki yakan ƙi ƙarfe da robar da ake sakawa. Sai jikin ya lulluɓe su da wata fata mai tauri kamar tabo, ba ya barin su haɗu da ƙashi. Kanar ɗin ya tambayi Hench ko zai iya ƙera abin da jiki ba zai ƙi ba.

Hench ya koma ga nazarin yadda ƙashi yake. Kusan kashi biyu cikin uku na nauyin ƙashi ma'adini ne na kalsiyum da fosfat, sauran kuma ruwa ne da furotin mai kama da zare. To, me zai hana a yi gilashi mai ɗauke da waɗannan sinadarai? A 1969 ya haɗa shi: kashi 45 cikin ɗari silika, wato sinadarin da ke cikin yashi, kashi 24.5 sinadarin sodiyum, kashi 24.5 na kalsiyum, sai kashi 6 na fosforas. Aka saka shi a ƙashin cinyar ɓeraye. Bayan makonni shida, gilashin ya manne da ƙashin har ya gagara ɓamɓarewa. Shi ne ake kira Bioglass.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne abin mamaki. Da gilashin ya taɓa ruwan jiki, sai sodiyum da kalsiyum su fara fita daga samansa, su bar wani shimfiɗi mai laushi na silika. Wannan shimfiɗin yakan jawo kalsiyum da fosfat, su daskare su zama ma'adini irin na ƙashi sak. Ƙwayoyin halitta masu gina ƙashi sai su ɗauke shi a matsayin nasu, su sauka a kai su fara aiki. Sannu a hankali gilashin yana narkewa, ƙashi yana maye gurbinsa, kamar katakon da magina ke kafawa kafin su zuba kankare, wanda ake janyewa idan gini ya tsaya.

A 1985 aka amince a riƙa amfani da shi wajen maye gurbin ƙananan ƙasusuwan cikin kunne domin dawo da ji. A 1993 likitocin haƙori suka fara amfani da shi wajen cike ƙashin muƙamuƙi da ciwon dasashi ya cinye. A Finland kuma an ƙera wani nau'insa da ake zubawa a ƙashin da ya kamu da ƙwayoyin cuta, domin yana sauya yanayin wurin yadda ƙwayoyin ba sa iya rayuwa. Har ma akwai man goge haƙora mai ɗauke da garinsa, don masu jin tsami idan sun sha ruwan sanyi.

Sai dai gilashi gilashi ne, yana da saurin fashewa, don haka ba ya iya ɗaukar nauyin mutum shi kaɗai. A babban ƙashi dole a tallafe shi da ƙarfe. Shi ya sa masu bincike ke ƙoƙarin gauraya shi da roba mai narkewa, da kuma ƙera shi da ƙananan ramuka inda jijiyoyin jini za su ratsa, domin ƙashin da jini bai isa gare shi ba ba ya rayuwa.