Baƙon da Ba Shi da Mai Masauki

A da, idan bafatake ya sauka Salaga ko Kumasi da jakunansa, ba ya dosar kasuwa sai ya fara neman mai gida a zango. Mai gidan ne zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, kuma tun a daren farko ya karanta masa garin: wa ake gaisarwa a durƙushe, wace rana ba a ciniki, ina ne ƙafar baƙo ba ta takawa. In baƙo ya yi ɓarna mai gida ake kira, shi ya sa ba ya zuba masa ido ya yi.

Yau an samu wani sabon baƙo. Kwamfutarsa na cikin jaka, kamfanin da ke biyansa na Amurka ko Jamus, shi kuma yana zaune a wata ƙasa ta uku. Ɗaki ta Airbnb ya kama, lambar buɗe ƙofa ta waya aka turo masa, abinci har bakin ƙofa ake kawo masa. Sai ya yi wata shida a unguwa bai san sunan wanda suke haɗa katanga ba. Samarinmu da 'yan matanmu masu rubuta manhaja, zane da fassara sun fara shiga wannan ayari, suna komawa Kigali, Alƙahira, Dubai ko Kuala Lumpur don neman wuta da intanet da ba sa yankewa. Neman halak ne, ba mai zarginsu. Sai dai baƙon da abincinsa bai rataya a kan kowa a gari ba, babu mai jan kunnensa, kuma sau da yawa jami'in shige da fice ne mutum na farko da zai faɗa masa ya yi kuskure.

Mu fara da takarda. Tun lokacin korona ƙasashe suka fito da biza ta musamman don masu aiki daga nesa. Estoniya, Barbados da Dubai sun fara a 2020, Fotugal ta biyo a Oktoban 2022, Sifaniya a 2023, a Afirka kuma akwai Morishiyos da Namibiya. Kowace da sharaɗinta. Fotugal, misali, tana son ka nuna kana samun ninki huɗu na mafi ƙarancin albashin ƙasar. Abin da mutane ke rainawa shi ne bizar yawon buɗe ido ba lasisin sana'a ba ce a ƙasashe da yawa. A Janairun 2021 Indonesiya ta kori wata Ba'amurkiya daga tsibirin Bali bayan ta hau Twitter tana tallar yadda rayuwa ke da araha a can, tana sayar da littafin koya wa mutane yadda za su shigo, alhali ana tsakiyar annoba. Ga kuma haraji: a ƙasashe da dama, in ka kai kwana 183 a shekara, an ɗauke ka mazauni, hukumar haraji na iya neman rabonta. Mai koren fasfo ya fi kowa sanin cewa ƙofa na iya rufewa a kan kowa lokaci guda. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza a 2022, ba ta buɗe ba sai Yulin 2024. Kowane mutum ɗaya da ya wuce wa'adinsa ya ɓuya, nauyi yake ƙara wa na bayansa a layin ofishin jakadanci.

Amma abin da ya fi harzuƙa 'yan gari ba takarda ba ce, kuɗin haya ne. Mutanen Maiduguri ba sa buƙatar dogon bayani a nan: sun ga yadda haya ta yi tsalle lokacin da ƙungiyoyin agaji suka cika garin da ma'aikata masu biya ba tare da neman ragi ba. Abin da ke faruwa a Lisbon ke nan. Mafi ƙarancin albashi a Fotugal Yuro 870 ne a wata a 2025, kuma hayar gida mai ɗakin kwana ɗaya a tsakiyar birnin ta wuce haka. Ga mai karɓar dala, wannan haya banza ce ta faɗi. Ga malamar makaranta da aka haifa a unguwar, takardar tashi ce. Mai gida ba mahaukaci ba ne. In ya ga abin da baƙo zai biya a mako ya kai na ɗan gari a wata, ya san wanda zai sallama.

A birnin Meziko, a Yulin 2025, ɗaruruwan mutane sun fito zanga-zanga a unguwannin Roma da Condesa, inda baƙi masu kwamfuta suka fi taruwa, har aka farfasa gilasan wasu shaguna. A Basalona magajin gari Jaume Collboni ya sanar a 2024 cewa za a soke lasisin gidajen hayar baƙi kusan 10,000 kafin ƙarshen 2028. Ni a ganina babban laifin na masu gidaje ne da gwamnatocin da suka kira baƙi ba tare da gina wa nasu matsuguni ba. Duk da haka ba fuskar minista ɗan gari ke gani a bakin layi ba, taka yake gani. Ka tambayi abin da ake biya a unguwa kafin ka miƙa kuɗi. Ka sayi tumatir wurin mai tebur. Kuma don Allah a bar ɗabi'ar nan ta ɗaukar bidiyo ana shelar "komai a nan kyauta ne" a gaban mutumin da abincin da ke farantinka ya kai kuɗin yininsa.

Sai abin da mutane ke tsarkakewa. Yawancin mutanen Bali mabiya addinin Hindu ne. Kowace safiya suna ajiye ƙananan faifan ganye da furanni da turare a bakin ƙofa da gefen hanya. Ba wanda ya ce Musulmi ko Kirista ya yi imani da su, kawai ka kauce kada ka taka, kada ka mai da su abin dariya a TikTok. Wanda ya san zafin ganin an shiga masallaci da takalmi bai kamata sai an yi masa wa'azi ba. Suna da ranar Nyepi, ranar shiru: awa 24 ba fita, ba kunna fitila, ba hayaniya, hatta filin jirgin sama rufewa yake, kuma dokar ta hau kan baƙo ko da yana da taron aiki. Rashin kunyar baƙi, har da masu tuɓewa tsirara a jikin bishiyoyi masu alfarma don hoto, ya sa gwamna Wayan Koster ya fitar da jerin ƙa'idoji a 2023, kuma tun Fabrairun 2024 kowane ɗan yawon buɗe ido daga ƙasar waje na biyan rupiya 150,000.

Wasu kurakuran ba a kora suke ƙarewa ba. A Tailan, ɓatanci ga sarki na jawo ɗaurin shekara 3 zuwa 15, ko da a Facebook aka rubuta. A Dubai, ɗaukar hoton mutum ka watsa ba da izninsa ba laifi ne. A 2017 wata kotun Masar ta yanke wa wata Baturiyar Ingila shekara 3 saboda ƙwayoyin tiramadol kusan 290 da aka samu a jakarta. Mu da muka saba karɓar saƙo a filin jirgi saboda kunya, "ɗan ƙullin nan ka miƙa wa ƙanina", mu yi hattara. Duk maganin da za ka ɗauka, ka haɗa da takardar likita, ka kuma bincika ko ƙasar ta yarda da shi.

Kigali, inda namu ke yawan nufa saboda sauƙin shiga, tana da nata. An hana leda tun 2008, ana iya karɓe ta a filin jirgi. Ba a tambayar mutum shi Hutu ne ko Tutsi, ko da mu a wurinmu "kai wane yare ne?" gaisuwa ce. Daga 7 ga Afrilu ake makon makokin kisan ƙare dangi na 1994, ba lokacin sakin kiɗa a baranda ba ne. Asabar ɗin ƙarshen kowane wata kuma akwai Umuganda, aikin gayya: shaguna a rufe, motoci a tsaye har wajen ƙarfe 11, jama'a na share magudanar ruwa da gyaran hanya. Bayan an gama akan zauna taron unguwa, shugaban unguwar na nan, maƙwabta na nan. Ranar da famfo ya ƙafe ko mai gida ya zo da sabon farashi, lambar ɗaya daga cikinsu za ka laluba a wayarka.