Jif mai lantarki: duba bakin caji kafin ka biya

Yau hirarmu a kan manyan jif masu lantarki ce, irin su BMW iX, Porsche Macan da Tesla Model X. Na san wani zai ce ko keke ba shi da shi. Haƙuri, ranar tana zuwa.

Yawanci abin da ake fara tambaya shi ne: kilomita nawa take yi da caji ɗaya? To a kula, ma'aunin Turai, WLTP, ya fi na Amurka, EPA, sassauci. Mota ɗaya ce, amma lambarta a Turai ta fi girma. Kar ka haɗa lambobin biyu ka yanke hukunci.

Ni saurin caji na fi dubawa. Macan mai lantarki ta 2024 tana kan tsarin volt 800, daga kashi 10 zuwa 80 wajen minti 21 ne. iX kuwa volt 400 ce, sai ta haura rabin awa. Amma fa sai an samu babbar caja mai ƙarfi. In a gida za ka riƙa jona ta da daddare, wannan bambancin bai shafe ka ba.

Inda mutane ke ƙonewa shi ne bakin caji. Na Amurka daban, Turai CCS2 take amfani da shi, China kuma GB/T. Ka zuba miliyoyi, ka je wurin caji kai ya ƙi shiga, sai neman adafta. Don haka ka tambayi dila: don wace ƙasa aka ƙera ta?