Yadda ake liƙa leda mai duhu a gilashin bayan mota

Ko a Jidda kake ko a Njamena, ka san zafin motar da ta wuni a rana. Shi ya sa ake liƙa wa gilashi leda mai duhu, wadda mai kyau daga cikinta kan tare kusan kashi 99 cikin 100 na hasken nan mai ƙona fata.

To amma gilashin baya shi ne mai wuyar sha'ani, domin a lanƙwashe yake ta tsaye da ta kwance, ita kuwa leda a shimfiɗe take. Gwada liƙa takarda a bayan ƙwarya, za ka ga ta tattare.

Dabarar ita ce zafi. Ana fara shimfiɗa ledar ta waje, a bi ta da na'urar hura iska mai zafi, sai ta tsuke ta ɗauki siffar gilashin. Ta fuska ɗaya kawai take tsukewa, don haka ake tura tattarar sama da ƙasa, ban da gefe. In zafin ya yi yawa, ta ƙone ke nan.

Daga nan sai a liƙa ta ciki da ruwan sabulu, a matse ruwan da katin roba. A kiyayi sa reza, don kada a yanke siraran layukan lantarkin da ke busar da raɓa.

Sai kuma doka. A Birtaniya babu ƙayyadewa ga gilashin baya, amma dole babban gilashin gaba ya bar kashi 75 na haske ya shiga. Binciki dokar inda kake kafin ka biya kuɗi. Sai mako mai zuwa.