Audu Baƙo da Ruwan Tiga: Gadon Shugaban Farko

Lokacin da gwamnatin Yakubu Gowon ta raba Najeriya zuwa jihohi 12 a watan Mayun 1967, an naɗa Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Baƙo gwamnan farko na Jihar Kano, wadda a wancan zamani ta haɗa har da ƙasar Jigawa ta yau. Shugaban farko ba ya gadon tsarin da zai ɗora a kai, don haka abin da ya zaɓa ya fara da shi ne yake zama turbar da na baya za su bi shekaru da dama, kuma shi Audu Baƙo ruwa ya zaɓa.

Manomin ƙasar Kano a wancan lokaci ya dogara ne kacokan da damina ta wata huɗu ko biyar, kuma da zarar an gama girbi sai majiya ƙarfi su tafi cirani. Gwamnatin Audu Baƙo ta fara gwajin noman rani a Kadawa, sannan ta gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, daidai lokacin da fari ya addabi yankin Sahel. Madatsar tana iya riƙe ruwa kusan mita kubik biliyan 2, kuma daga cikinta ne babbar magudana, wadda manoma ke kira kanal, take gangarowa ta rarrabu zuwa ƙananan hanyoyi har bakin gonaki a Bunkure da Kura da Garun Malam, ba tare da an tada injin ba, domin gangaren ƙasa ne yake jan ruwan. Filin da a da yake bushewa ƙayau da rani ya koma ba da alkama da shinkafa da albasa da tumatir, har kasuwar Kwanar Gafan ta zama inda manyan motoci ke lodin kwandunan tumatir zuwa Legas da sauran biranen Kudu.

Ba a Kano kaɗai ba, tarihin Amurka ma ya nuna irin nauyin da yake kan shugabannin farko, waɗanda can ake kira iyayen ƙasa, wato mutanen da suka ayyana 'yancin kai daga Birtaniya a 1776 suka kuma tsara kundin mulki a 1787. George Washington, wanda ya hau mulki a 1789, ya sauka da kansa a 1797 bayan wa'adi biyu ya koma gonarsa, kuma wannan sauka ta zama al'adar da aka daɗe ana bi kafin a mai da ita doka a 1951. Sai dai shi da Thomas Jefferson, marubucin takardar 'yancin kai, sun mallaki bayi, kuma matsalar bauta da suka bar wa na baya ita ce ta kai ƙasar ga yaƙin basasa a 1861.

Haka gadon Tiga ma ya zo da nasa bashin. Tare ruwa a sama ya rage ambaliyar shekara-shekara da fadamun Haɗeja da Nguru suka dogara da ita wajen noma da su da kiwo, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, magudanan da ba a yashe su a kan kari sun cika da laka, kuma manomin tumatir yakan yi asara idan kaya suka yi yawa a kasuwa saboda rashin wurin adanawa. Audu Baƙo ya bar mulki a 1975, ya rasu a 1980, kuma tun 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are wadda kula da aikin ya koma hannunta. Sakatariyar gwamnati da gidan namun daji a birnin Kano suna ɗauke da sunansa, amma ɗorewar babban aikin nasa ta rataya ne a kan yashe kanal, da biyan kuɗin ruwa, da raba ruwan da adalci tsakanin manoman Kura da masuntan Nguru.